Neman shawara: in kai motar da ban gama ba wajen baje kolin tsofaffin motoci, ko in haƙura?

Baban Fadila:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, daren jiya ban runtsa ba. Ina zaune kusa da Greensboro a jihar North Carolina, shekara 11 ke nan, aikina gyaran manyan motoci. Da na zo ƙasar nan ko gaisuwa ban iya da Turanci ba, wani dattijo Bature mai ƙaramin gareji ne ya ɗauke ni. Shi ya koya mini walda, shi ya tsaya mini na samu gidan haya, ranar sunan Fadila ya zo da matarsa ya zauna a kan tabarma ya ci tuwo da hannu, ya ƙone harshe da yaji yana dariya. Har yau bai iya faɗin sunana daidai ba, na daina gyara masa tun shekarar farko.

A bayan garejin akwai bodin wata Ford Model A ta 1930 a ƙarƙashin tamfol. Tun yana saurayi ya saye ta da niyyar mai da ita hot rod, wato tsohuwar motar da ake rage mata nauyi a sa mata babban inji don gudu. Aure ya zo, yara suka zo, tana nan. Duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya yaye tamfol ɗin ya shafa ƙarfen ya ce baɗi. Shekara 3 da suka wuce ciwo ya sa ya rufe garejin, ya ce in ɗauke ta. Dala 1 ya karɓa, don kawai a rubuta takardar ciniki.

Tun lokacin nake fama da ita bayan na tashi daga aiki. Na ƙarfafa shasin, na rage tsayin rufin da inci 3, na sa mata injin Chevy 350, na kamfanin Chevrolet mai lita 5.7, da na ciro daga wata tsohuwar a-kori-kura. Tana tashi, ƙararta kuwa har maƙwabta sun san ta. Amma fentin ƙasa ne kawai a jikinta, wato na farko da ake shafawa kafin na ado, ruwan toka, babu gilashin gefe, kujera ɗaya ce, wayoyi duk a waje.

Asabar ta sama akwai baje kolin tsofaffin motoci a wani ƙaramin gari kusa da mu, kuɗin rajista dala 25. Matar da na kira ta ce in kawo. Sai ga shi jiya wani ɗan kwamitinsu ya ga hoton a wayata ya ce wannan ai aiki ne ba mota ba, in bari sai baɗi. Kalmar nan ta baɗi ce ta tsaya mini a rai. Dattijon yanzu a keken guragu yake, 'yarsa ta ce za ta kawo shi wajen. Don Allah me kuke gani?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya, kai kuma Ya saka maka da riƙon amana. Ni ban san harkar mota ba, bari masana su zo.

Injiniya Kabiru:
Ɗan'uwa, zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi. Kada ka kai. Shekara 22 ina jihar Michigan, babu irin taron motocin da ban shiga ba. Kowane taro da gidansa. Ka ɗauki Autorama da ake yi a nan Detroit tun 1953. A saman bene ake ajiye motocin da aka gama, masu neman kyautar Ridler, babbar kyautar taron, ƙasan motar ma sheƙi yake har madubi ake shimfiɗa mata. Masu fentin ƙasa da masu tsatsa, an ba su benen ƙasa, can suke da makaɗansu da jama'arsu, kuma kowa na jin daɗi. Me ya sa aka raba? Saboda mutumin da ya yi shekara 10 yana neman kusar da ta dace da motarsa ba zai so a ajiye masa aikin da ba a gama ba a gefensa, ana feshin ƙura ana ɗigar da mai a ciyawa. In takardar taron ta ce tsofaffin motoci na asali, to taka ba ta ciki ko da ka gama ta, balle yanzu. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka, AACA, da ke garin Hershey ma'auninsu ɗaya ne, yadda mota ta fito daga kamfani. Kai kuma ka riga ka yanke rufi.
Sannan wa ya ba ka shawarar sa injin Chevy a cikin Ford? Mota ta 1930 ai V8 ɗin Ford na da, inji mai silinda 8, ake nema mata, wanda ya fara fitowa a 1932. Wannan kamar ka ɗinka babbar riga ne ka ɗora hular kwano.
Tambaya ta ƙarshe, kuma ita ce babba: birki fa? Ba ka ce komai ba a kan birki.

Maman Iman:
Ni abin da nake so in ji, nawa ka kashe zuwa yanzu, kuma Maman Fadila ta san adadin? Ba da wata manufa ba. Maigidana ya jawo wata tsohuwar Marsandi ya cusa a garejin gidanmu shekara 6 ke nan, wai wata 3 zai gama. Ni ce nake ajiye motata a waje, lokacin sanyi in fito da asuba ina kankare ƙanƙara da yara a hannu. Kullum kwali na zuwa ƙofar gida, in na tambaya ya ce ƙaramin abu ne. Wallahi da zai kai ta wani taro a yi masa dariya, da na biya masa kuɗin rajistar da kaina.

Ɗan Damagaram:
Injiniya, da girmamawa, ban yarda ba. Ita hot rod ɗin daga ina ta fito? Samarin kudancin California ne a shekarun 1930, ba su da kuɗin sabuwar mota, suka riƙa sayen tsofaffin Ford suna cire duk abin da ke da nauyi, su tafi busassun tafkunan hamada irin Muroc da El Mirage su gwada gudu. Da yawansu fentin ƙasa ne a jikin motocinsu, don kuɗin fenti ya tafi a inji. Wanda ya ce mai fentin toka ba mota ba ce, shi ne bai san asalin abin ba. Ni a irin waɗannan ƙananan taruka, inda jama'a suka fi cika shi ne wajen motar da ba a gama ba, saboda ana ganin waldar, ana ganin yadda aka ɗaura inji, yara na tambaya. Masu sheƙin nan an kewaye su da igiya, mai motar na zaune a kujerar roba yana harararka. Baban Fadila ka kai abinka.

Baban Fadila:
Na gode duka. Injiniya, maganar inji, ai ba sha'awa ba ce, aljihu ne. Tsohon V8 ɗin Ford da kake faɗa, wanda na samu bulok ɗinsa a tsage yake, kuma an san su da wannan. Na Chevy kuwa ko wane shagon kayan gyara ka shiga za ka samu abinsa. Shi dattijon ma da na gaya masa cewa ya yi da shi ne haka zai yi. Injinta na asali ƙarfin doki 40 ne kawai, ba shi ma a jikinta lokacin da na ɗauko.
Maman Iman, maganar kuɗi a bar kaza cikin gashinta. Ban taɓa taɓa kuɗin cefane ba.
Birki kuwa, na cire na asali mai sanduna, na sa na mai. Na gaba yana aiki. Na baya ne ban haɗa bututunsa ba tukuna. Amma ai ba tuƙa ta zan yi ba, a tirela zan ɗora ta.

Injiniya Kabiru:
To ka ji! Na san akwai abin da aka ɓoye. Mota mai injin lita 5.7, nauyinta bai kai na ƙaramar Corolla ba, birkin baya babu, za ka sauke ta daga tirela a filin da yara ke gudu da askirim a hannu. Ko a gasar Ridler da nake faɗa, sharaɗi ne mota ta tashi, ta yi gaba, ta yi baya, ta juya, ta tsaya da kanta. Wannan ba maganar ado ba ce. Kana da inshora a kanta? Tana da lamba? In ta zame ta daki motar wani da aka kashe wa dala dubu 80, kai baƙo ne a ƙasar nan, ka san yadda lauyoyinsu suke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sale Panteka:
Ku kuna can kuna gardamar tsohuwar mota mai fenti da marar fenti. Mu nan Kaduna Fijo 504 ɗin mahaifinmu, haɗin Kakuri, wadda ya saya sabuwa dal, na kai wa wani bakanike ya gyara mini don tunawa da shi. Shekara 2 tana wajensa, yau kafireto, gobe lagireto. Ranar da na je da fushi na tarar an kwashe fitilu da kujeru, kaji na kwana a ciki. Ƙannena suka taru suka sayar wa 'yan gwangwan a kilo ina Abuja. Har yau ba ma magana sosai da ɗayansu. Da akwai inda ake baje irin waɗannan a nan, da ko a kan amalanke na kai ta.

Ɗan Damagaram:
Allah Ya jiƙan Baba, Malam Sale. Injiniya, maganar birki ka yi gaskiya, amma ai ana iya tura ta da hannu a sa mata katako a taya. Ka bar haɗa magana biyu. Kuma ko manyan da kake kafa hujja da su sun sassauta. Taron Pebble Beach na California, wanda babu na biyunsa wajen tsauri, tun 1997 suka buɗe wa hot rod aji. A 2024 kuma wata Bugatti ta 1934 da ba a sabunta ba, da tabonta da kojewarta, ita ta cinye babbar kyautar.

Injiniya Kabiru:
Malam, wadda ba a taɓa ba daban, wadda ba a gama ba daban. Bugatti ɗin nan cikakkiyar mota ce da ta tsufa da mutuncinta, da ƙafarta ta hau dandamali. Ta ɗan'uwanmu kuwa rabin aiki ce. Ka taɓa ganin an shiga hawan sallah da doki ba linzami don mai shi yana da kyakkyawar niyya? Ni ba ƙin sa nake ba, kare shi nake. Ni ma na taɓa kai motar da ban gama ba wani taro a Ohio, suka tura ni can ƙarshen fili kusa da banɗakunan roba, wuni guda babu alƙalin da ya leƙo. Na san zafin abin.

Malam Habu:
Ni fa ina ta karantawa, sai nake ganin an bar dattijon a baya. Me zai hana ka ɗora motar a tirelar ka kai ƙofar gidansa, ka tayar masa da ita ya ji ƙararta, a ɗauki hoto? Ba rajista, ba ɗan kwamiti. Shi da bakinsa ya ce maka wajen taron yake so ya gan ta?

Baban Fadila:
Malam Habu, bai faɗa da bakinsa ba, 'yarsa ce ta ce zai ji daɗi. Amma na san shi. Shekara da shekaru yana zuwa taron nan a matsayin ɗan kallo, abokansa na tsokanarsa ina Model A. So nake su gan ta su gan shi a gefenta. Ƙofar gida ba za ta ba da wannan ba. Kuma gaskiya na riga na biya dala 25 ɗin tun makon jiya, na manta ban faɗa ba.

Maman Iman:
Au, ashe ka riga ka biya. To shawarar me kake nema, Baban Fadila? Haka maigidana yake yi, sai kaya sun iso yake tambayata ko ya saya.

Hajiya Turai:
Ku sassauta masa mana. Ɗana, ka sake kiran matar nan, ka ce nuni kawai za ka yi, ba ka shiga gasa. Ka rubuta labarin motar a kwali da hoton dattijon yana saurayi in akwai. Ɗan kwamiti ɗaya ba shi ne kwamiti ba.

Baban Fadila:
Hajiya na gode, amma in na ce ba na gasa kamar na yarda da maganar mutumin nan ke nan, cewa ba mota ba ce. Akwai kyautar da 'yan kallo ke zaɓa, wannan ai kowa na iya shiga. Bututun birkin ma na yi odarsa, sun ce Laraba zai iso, dare biyu ya ishe ni.

Injiniya Kabiru:
Dare biyu, ka lanƙwasa bututu, ka fitar da iska, ka gwada? Wane girma ka yi oda? Turo hoton tukunyar birkin in gani, don na fi zaton ita ma ba daidai ba ce.

Ɗan Damagaram:
Ba sai ka turo masa ba, zai ce a sake shasin gaba ɗaya.

Sale Panteka:
Don Allah wanda ya sani, in mutum ya samu 504 mai lafiya a nan, nawa ne kuɗin jirgin ruwa zuwa can wajenku?