Dokin riƙo ya fara ƙarfi, yaro na son hawa: hular kwanon babur za ta yi?

Ɗan Aboabo:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin doki ku ba ni shawara. A Kumasi nake, Aboabo, kuma ni ba wani mahayi ba ne, na dai taso gidan kakanmu akwai doki ina ɗan hawa ina yaro, shi ke nan. Wata biyu da suka wuce yayana da ke Akra ya ga wani doki a bakin teku, irin waɗanda ake ɗora masu yawon shan iska ana ɗaukar hoto, mai shi ya yi watsi da shi don ya daina kawo kuɗi, haƙarƙari duk a waje kana ƙirga su daga nesa, ga miki a gadon baya kamar tafin hannu ƙuda na bi. Tausayi ya kama shi ya biya abin da ya biya ya karɓo shi, to shi kuma ɗaki ɗaya yake haya a Nima, ina zai kai doki? Sai ya loda shi a mota ya aiko min, wai in riƙe amana har ya murmure a samu wanda zai iya da shi.

Da ya zo ko kai ba ya iya ɗagawa, yara na shafa shi suna wucewa ta ƙarƙashin cikinsa yana tsaye kamar tunkiya, har muka sa masa suna Haƙuri. Yanzu Alhamdulillah ya ciko, mikin ya rufe saura tabo. Jiya na ce bari in gwada masa sirdi, ina jan majayi sai ya kwantar da kunne ya juyo ya kawo min cizo, ban gama mamaki ba wata pragiya, babur mai ƙafa uku na haya, ta danna ham a bakin lungu, kawai ya yi tabarya, wallahi na ji iskar kofatonsa ta gefen kunnena, da ya sauko a kan bokitin ruwa ya sauka ya tarwatsa shi.

Matsalar ita ce babban ɗana shekararsa 12, ya ƙwallafa rai sai ya hau shi da Sallah, ni ma na riga na yi masa alkawari. Ina da hular kwano ta babur guda biyu. Za ta yi masa? Abokaina har sun fara dariya wai wa ya taɓa ganin mahayi da hular okada a Zango. Sannan yaushe ya kamata a fara hawan irin wannan dokin?

Baban Barga:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba ku ladan ceton dabba. Amma tun kafin a zo maganar hula, sunan nan da kuka sa masa kun yi gaggawa. Wancan da kuka gani ba haƙuri ba ne, yunwa ce. Dokin da ya rame ba shi da ƙarfin nuna halinsa, sai ciki ya cika jini ya dawo sannan za ka san da wa kake zaune, kuma jiya ne ranar farko da kuka gaisa da ainihin dokinka. Na yi shekaru ina kula da dawaki tun daga Bawku har na sauko nan, duk wanda na ga dokin tsintuwa ya ji masa ciwo, a daidai wannan lokacin ne, wata na biyu zuwa na uku, an saki jiki da shi ana cewa ai ba ya komai.

Cizon da ya kawo maka kana jan majayi magana ya yi maka. Ko dai bayan bai warke daga ciki ba duk da fata ta rufe, ko kuma ya tuna azabar da sirdi ya ba shi, doki ba ya mantuwa. Ka bi gadon bayan da yatsu kana ɗan dannawa a hankali, in ka ga fatar na karkarwa ko ya lotsa baya ko ya kaɗa wutsiya da ƙarfi to da saura. Ka duba gefen bakinsa ma, irin linzamin da ake sa wa dawakin haya yana yanka baki da harshe. A ajiye sirdi tukuna. Doki da ya rame sosai yakan ɗauki wata uku zuwa biyar kafin ya mayar da jiki, kuma cikin da ka gani ya fito ba shi ne ƙarfi ba, naman gadon baya ne ke ɗaukar mutum, shi ne kuma ke zuwa a ƙarshe.

Abin da za ka yi yanzu aikin ƙasa ne. Ragama kawai, ka ja shi safe da yamma, kana tafe ta gefen kafaɗarsa ta hagu, ba gabansa ba. Igiyar nan kada ka kuskura ka naɗe ta a hannu, ninke ta za ka yi ka riƙe, na san mutumin da yatsunsa biyu suka tafi a haka. Doki ba ya ganin abin da ke bayansa daidai wutsiya, ba ya ganin na daf da goshinsa, shi ya sa in za ka zo masa ka zo ta gefe kana magana. Yaran nan masu bi ta ƙarƙashin ciki a hana su daga yau. Bayan sati biyu ka fara ɗora masa bargo kawai ka sauke, sai sirdi ba majayi, sai majayi sako-sako, kowanne sai ya daina damuwa da shi za ka ƙara na gaba. Ka rage masa hatsi da dusa ka ƙara harawa da ciyawa, doki mai cin dawa yana tsaye a turke ba aiki dole ya yi tutsu. Sannan nan Kumasi ƙasar kurmi ce akwai tsando, ka sa likitan dabbobi ya ɗebi jininsa a duba sammore, jami'ar KNUST ta nan Kumasi ma suna da makarantar likitocin dabbobi.

Ranar da za a fara hawa kuwa, ba kai ba, ba yaro ba. Ka nemo wanda hawa ne aikinsa, mara nauyi, a fili mai yashi, wani na riƙe da ragama. Lungunku mai kwata da siminti ba wurin gwaji ba ne.

Sarkin Zamiya:

Maganar Baba gaskiya ce amma batun hula ni dai ban gane ba. Iyayenmu da kakanninmu da rawani suka hau, su yi sukuwa su yi zamiya gaban sarki, ka je bikin Damba a Tamale ko Yendi ka ga ko mutum ɗaya da hular kwano. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kada mu mayar da yaranmu matsorata.

Nas ɗin Asawase:

Malam Sarkin Zamiya, da girmanka, waɗanda suka faɗi ba sa zuwa su ba da labari a dandali, mu ake kawo wa su. Kuma wa ya ce kakanninmu ba sa rufe kai? 'Yan kwalkwali da 'yan lifidi da ake gani a hawan Kano da Katsina fa, me ke kansu? Ranar da suka san akwai haɗari ba da rawani kaɗai suke fita ba. Manzon Allah (SAW) kansa da kwalkwali ya shiga Makka ranar da aka buɗe ta, wa ya kai shi tawakkali?

Ɗan'uwa mai tambaya, mutum a kan doki kansa ya kai mita biyu da rabi daga ƙasa, ka ɗauka kamar ya faɗo daga saman katanga ne da ka, ko da dokin a tsaye yake cak. Ƙashin hannu ana ɗorawa, ƙwaƙwalwa ba mai ɗori. Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: in wani ya faɗi ya bugu a ka, ko ya tashi yana dariya yana kakkaɓe riga, kada ya koma kan doki ranar, kuma a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Akwai zubar jini a cikin kai da mutum zai yi awanni lafiya lau yana hira sannan ya kife. In ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko barci na fizgarsa ba ya tasuwa, ko ruwa ko jini na fita ta kunne ko hanci, ba maganar man zafi da a bari ya huta, asibiti kai tsaye, a nan Komfo Anokye. In kuma yana kukan wuya ko ya ce hannu ko ƙafa sun mutu, kada a ɗaga shi a cusa a pragiya, kada a fizge hular, a riƙe kan yadda yake a kira lambar gaggawa 112. Kai da kake wanke miki kana kwashe kashin doki, yaushe rabonka da allurar tetanus? Shi ma dokin ana yi masa.

Ɗan Tudu mai sirdi:

Ni a Akra nake, na yi aikin barga wajen masu wasan folo, bari in amsa ainihin tambayar hular. In aka ce ko ta babur ko kai tsirara, to ta babur ta fi babu, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba don doki aka yi ta ba. Mai rufe fuska gaba ɗaya takan kai kilo ɗaya da rabi, ta hawan doki wajen rabin kilo ce, ka ɗora wancan nauyin a wuyan yaro ɗan shekara 12 doki na girgiza shi? Ga ta toshe kunne, ga ta rage gani ta gefe, alhali mahayi da kunne yake jin pragiyar da za ta firgita dokin kafin ta iso. Kuma taka ce, ta babba, a kansa lilo za ta riƙa yi, hular da ta yi yawa kafin mutum ya kai ƙasa ta riga ta goce. Ta keke ba ta rufe ƙeya sosai ga manyan ramuka, ta 'yan gini kuwa kada ma a kawo ta.

In za ka saya ka leƙa cikinta ka nemi tambarin gwaji, ASTM F1163 tare da SEI na Amurka, ko PAS 015 na Ingila, ko VG1 ko EN 1384 na Turai. Ba tambari, kwalliya ce kawai. Ka ari tef ɗin tela ka auna kan yaron ta saman gira ka aika da lambar. In an sa ta zauna daidai, kamar yatsa biyu sama da gira, ba a tura ta ƙeya kamar hular gayu ba, in ka motsa ta fatar goshi ta motsa tare da ita, igiyar haɓa kuma a ɗaure yadda yatsa ɗaya zai shiga. Hular da ba a ɗaure ba da ita da babu duk ɗaya.

Ta gwanjo ce nake jin tsoro. Abin da ke aiki a ciki wani farin soso ne mai tauri irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, shi ne ke murƙushewa ya shanye bugun maimakon kanka, kuma sau ɗaya yake yi. Sai ka ga bayanta na sheƙi alhali cikin ya riga ya mutu a kan wani can. Don haka in an faɗi da ita an bugu a canza, ko ba a faɗi ba masu yin ta na cewa wajen shekara biyar, kuma kada a bar ta cikin but ɗin mota ko ƙarƙashin kwano rana na dukanta.

Masu cewa ƙwararre ba ya buƙata, akwai wata Ba'amurkiya Courtney King-Dye, ta je gasar Olamfik a 2008, a 2010 tana horar da wani doki ba hula, ba sukuwa ba komai, tuntuɓe kawai ya yi ya faɗi da ita, ta yi kusan wata guda ba ta san inda take ba. Daga 2021 hukumar wasannin dawaki ta duniya FEI ta wajabta hula ga duk wanda ke kan doki a wurin gasarta. Amma fa hula kai take karewa ban da wuya, Christopher Reeve, jarumin fim ɗin Superman, da hularsa ya faɗi daga kan doki a 1995 ya karya wuya, shi ya sa maganar Baba ta hana hawa yanzu ta fi tawa nauyi.

Abu biyu da ba a faɗa ba. Kai ma ka riƙa sa hula ko a ƙasa kake, lokacin ɗaura sirdi da wanke miki da duba kofato, ai jiya ba hawa ka yi ba kofato ya so ya same ka, a nan kam ta babur ɗinka ta wadatar. Sai takalmi, rufaffe mai ɗan dunduniya, ban da silifas, ban da kambas mai faɗi da zai cushe a likkafa. Ƙafa ta maƙale doki ya ja mutum a kan kwalta, na gani sau ɗaya ba na son in sake gani.

Sarkin Zamiya:

To Hajiya Nas kin ɗaure ni da jijiyata, maganar kwalkwali ban da ta cewa. Ni dai ba zan sa ba, na tsufa da rawanina, amma yaro a sa masa. In kunya ake ji a naɗa ɗan siririn rawani a kanta.

Ɗan Tudu mai sirdi:

Ana iya yafa ƙyalle mara nauyi a sama, amma kada a naɗa komai a ƙarƙashinta, kuma kada a huda ta don a maƙala ado.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba na gwada abin da ka ce da asuba, ina kai yatsa kusa da tabon ya lotsa baya har ya ɗaga ƙafa, ashe da saura. Na rataye sirdin a ɗaki. Yaron na gaya masa bana ba hawa, ya yi fushi ko koko bai sha ba, uwarsa kuwa har da hamdala don dama ba ta so. Na ce masa shi zai riƙa tayani jan ragama da yamma in Baba ya ce lokaci ya yi. Na auna kansa santimita 54, na tura wa ƙanwarmu da ke Jamus ta duba mai tambarin nan. Baba in ba damuwa ko za ka leƙo ranar Asabar bayan la'asar ka gan shi da idonka, ƙafarsa ta baya ta dama ma kamar yana ɗan ɗingisa ta in ya taka tsakuwa.