Wurin Zama a Bakin Ƙyalle

Ƙaramin muridin ɗarikar Tijjaniyya, Kano:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya a wazifa, zikirin da muke haɗuwa mu yi kullum, na yi abin da ya hana ni barci.

Shekara guda da karɓar wuridina,
Ban tsallake lazimi ba, safe da yamma.
Jiya an shimfiɗa farin ƙyallen wazifa,
Wani ya riga ni inda na saba zama.
Na ture kafaɗarsa, bakina na salati,
Ya kau da kai, bai ce uffan ba, bai rama.
Baba, carbina ya yi santsi don ja,
Me ya hana halina ya canza kama?

Baba Muƙaddami:

Wa alaikumus salam, ɗana.

Da ka ji ciwon ka kawo shi fili,
Wannan a wurinmu kyakkyawar alama.
Dubi yadda aka jera wazifar taka,
Istigfari 30 ke gaba, kafin a kama.
Je marinar Ƙofar Mata ka tambaya,
Sai an wanke dauɗa ake rina tsumma.
Salatul Fatihi 50, hailala 100,
Jauharatul Kamali 12, sannan ka ga an gama.
Ranar da na ba ka izini, me na ce?
Salla cikin jam'i, iyaye a ba su girma,
Kada ka yanke ɗan'uwa don fushi,
Riƙon har mutuwa ne, a riƙe da himma.
Shehu Tijjani ya kwanta a Fas tun 1815,
Bai bar wasiyyar wa zai zauna a dama ba, ko wa a sama.

Yaya daga Damagaram:

Ƙanena, mu daga bayan labule muke,
Ƙyallen ko ganinsa ba mu yi, balle mu kama.
Ran Juma'a kuna hailala har magriba,
Mu muna gaban murhu, da hayaƙi muke fama.
Lazimina ba na fasawa, amma tuwon baƙo
Shi ma ibada ne, sunansa hidima.

Maƙwabcinku ɗan Ƙadiriyya, Kabara:

A yi mini izini, ni baƙo ne a wannan da'ira.

Mu 'yan Sidi Abdulƙadiri na Bagadaza,
Da bandiri muke ambato, ran Maukibi a cika Kano da al'umma.
In hannu ɗaya ya yi gaggawa a kan fata,
Amon kowa ya watse, sai an koma.
Ladabi a wurinmu sauraron na kusa da kai ne,
Ka ji numfashinsa, ku tashi tare, ku sauka da salama.

Wani ɗan zawiya:

Baba, a gafarce ni, ba yaron kaɗai ke da laifi ba.

Mu manya muka koya masa da aikinmu,
Mai babbar riga in ya zo, a miƙe a ba shi dama.
Mai faci a gwiwa a matsa shi bakin ƙofa,
Yaro na kallo, darasin da ya gani ya kama.

Baba Muƙaddami:

Ka faɗi gaskiya, kuma ni ta fara sara,
Na sha gani na yi shiru don gudun rigima.
Tarbiyyar da Shehu Ibrahim ya yaɗa daga Kaulaha,
Son kai ta zo karyawa, ba ta zo a ƙara masa girma.

Ƙaramin muridi:

Na je na same shi da hantsi, Baba,
Ɗan garuwa ne, kwanansa uku da soma zama.
Na ce ya yafe, ya ce bai riƙe ni ba,
Ya ɗauka shi ya yi kuskure, ya so kada ya koma.

Baba Muƙaddami:

Gobe ka biya ka taho da shi, ka zaunar da shi kusa da ni. Kai kuma, ɗana, jera takalman 'yan'uwa a bakin ƙofa ya zama naka har kwana 40. Ranar farko tare za mu jera.