Shaihu Umar: yaya ake kwatanta littafin da fim ɗin?

Ummi Wunti:
Assalamu alaikum malamai. An ba ɗaliban Hausa aikin kwatanta littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da fim ɗinsa. Ta ina ake kamawa? Lissafa abin da aka cire da abin da aka ƙara ya wadatar?

Malam na Yelwa:
Wa'alaikumus salam, 'yata. Lissafin somin taɓi ne kawai. Da farko ki sani abubuwa uku ne a gabanki. Littafin ya fito a 1934 daga Hukumar Talifi ta Zariya, bayan gasar 1933. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗin a 1976. Don haka duk canjin da kika gani a fim, ki fara duba wasan kafin ki jingina shi ga darakta. Nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe.

Ki ja layi ki raba takarda gida huɗu: abin da ya faru, shafin littafi, fitowa a wasan, da mintin da ya zo a fim. Ki karanta littafin tukuna, ki yanka shi gaɓa-gaɓa: Shaihu Umar da almajiransa a garin Rauta, yarintarsa a Kagara, korar Makau mijin mahaifiyarsa, satar Umar yana yaro, Kano, ƙetare Sahara da Balarabe Abdulkarim, neman da uwar ta fita yi, haɗuwarsu a Tarabulus, guguwar rairayi a hanyar dawowa. Fim kuwa kallo biyu yake so. Na farko ki bar shi ya tafi, kada ki riƙe biro. A na biyu ki riƙa tsayarwa kina rubuta minti.

Baban Hanif, Gombe:
Allah Ya ƙara wa Malam lafiya. Zan ƙara abu guda. An saba fim ya datse littafi, domin a ƙa'idar masu shiryawa shafi ɗaya na rubutun fim minti ɗaya ne a allo, littafi mai shafi 300 kuwa ba zai shiga awa biyu ba. Shaihu Umar akasin haka ne. Ɗan ƙaramin littafi ne da ake gamawa a zama ɗaya, fim ɗin kuma ya haura awa biyu da minti ashirin. Ke nan tambayarki ta koma: da me aka cika lokacin?

Marubuci zai ce ayari ya yi kwanaki a Sahara, jimla ɗaya ta wuce. Mai kyamara sai ya nemo raƙuma, ya yanke shawarar yadda aka ɗaure bayi, wane rawani madugu ya naɗa, wa ke gaba wa ke baya. Duk waɗannan fassara ce ta darakta, kuma a nan ne nazari yake da nama. Ki auna minti nawa aka ba fada, nawa aka ba tafiya, nawa aka ba uwar, ki gwada da yawan shafukansu. Inda ma'aunin ya karkata, nan zuciyar mai fim take.

Hajiya Malama:
Ƙanwata, ki riƙe batun mai ba da labari da hannu bibbiyu, shi ne ya fi komai nauyi a ganina. A littafi Shaihu ne da bakinsa yake ba almajiransa tarihinsa, har abin da bai gani da idonsa ba, kamar makircin da fadawa suka ƙulla wa Makau da wahalar da mahaifiyarsa ta sha. Mai karatu yana jin komai ta muryar dattijo malami wanda ya riga ya sallama wa ƙaddara, shi ya sa baƙin cikin yake zuwa a sanyaye. Da zarar kyamara ta nuna abin kai tsaye, wannan shamaki ya faɗi. Kina ganin fuskar uwar da aka raba da ɗanta, babu mai tausasa miki. Labarin ɗaya ne, amma zafin bauta ya fi fitowa fili. Ki lura da duk inda aka koma wurin Shaihu da almajirai, da inda aka bar hoto ya yi magana shi kaɗai.

Kuskure biyu kuma. Kada ki rubuta "littafi ya fi fim" ki tsaya, ki kawo fitowa guda ki nuna me aka samu, me aka rasa. Kuma kada ki dogara da guntayen bidiyo na waya, an yayyanke su, lissafin mintocinki zai rushe.

Ummi Wunti:
Na gode ƙwarai. To cikakken kwafin fa?

Baban Hanif, Gombe:
Fim ɗin ya daɗe ba a ganinsa, sai da aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wannan gyararren shi za ki nema. Ki sa malaminki ya rubuta wa hukumar a hedkwatarta ta Jos da takardar sashenku, kuma ki ambaci kwafin da kika kalla a farkon aikin.