Me za mu kira "ecosystem services" da Hausa?

Jama'a, a kawo mini ɗauki. Ina fassara wani rubutu kan yadda Abuja ke faɗaɗa, sai wannan kalma ta tsaya mini a wuya. Abin da ake nufi shi ne aikin da daji, rafi da fadama ke yi wa gari ba tare da an biya su ko kwabo ba. Itatuwan da ke kewaye da madatsar Usuma, can wajen Ushafa, su ke riƙe ƙasa kada ta zaizaye ta cike ruwan da muke sha. Fadama kuwa shanye ruwan sama take yi. A cike ta a kafa gidaje, ruwan zai bi ta falon mutane, ku tambayi 'yan Lokogoma.

"Hidimomin muhalli" na fara rubutawa, na goge. Duk wanda ya ji, masu kwashe shara za su faɗo masa a rai. "Albarkatun ƙasa" kuma man fetur da kuza sun riga sun mallake ta.

— Malam, "ni'imomin ƙasa" fa? Ai in an ce wuri mai ni'ima, kowa ya san akwai ruwa da inuwa.

Hajiya, ta yi daɗin ji, amma ni'ima godiya ake yi mata, ba a lissafa ta. Babban binciken da aka yi kan wannan batu ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fito a 2005, cikin manufofinsa har da a san darajar abin, yadda mai tsara gari zai auna fadama da kuɗin fulotin da za a yanka a cikinta. Kalmar da za ta shiga kasafi nake nema.

— Ranka ya daɗe, a gwada "moriya". Abin da Abuja ke yi wa duwatsun Mpape, da ake fasawa don gine-gine, ai cin moriyar ganga ne a yada kwaurenta.

Wannan ta zauna! Saura "muhalli", don tana da fuska biyu. A bakin ɗan haya a Lugbe, "matsalar muhalli" rashin gida ce, wato kalma ɗaya ke ɗauke da ginin da kuma fadamar da ginin ya cinye. Na rasa wadda ta fi ta, don haka zan bar "moriyar muhalli", in fayyace ta a farkon ambato. Ga jimlar yadda ta fito: "Kafin a yanka fili a bakin tafkin Jabi, a lissafa moriyar muhallin da za a rasa."