Hunturu ya kankama: wa ya taɓa barin sanyin waje ya taya firij aiki?

Mai sola, Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda hunturu ya shigo na lura firij ɗina ya rage gurnani da dare, batirin sola ma yana kai ni asuba. Iskar ce ke taimakonsa ko kuwa? Wanda ya gwada ya ba mu labari.

Mai gyaran firij, Kano: Wa alaikumus salam. Iskar ce, Malam. Firij zafin ciki yake kwashewa ya zubar ta ragar ƙarfen da ke bayansa, sababbin kuma ta gefe, shi ya sa za ka ji gefen da ɗumi. In iskar da ke kewaye da shi mai sanyi ce, kwamfuresa, wato injin da ke gurnanin nan, sai ya huta da wuri. Nawa na ɗauke shi daga kusa da murhu, na kai shi gindin tagar da rana ba ta bugawa, na bar taƙi guda tsakaninsa da bango. Sai dai ƙura! Sati biyu ragar ta yi bargo, in ban kakkaɓe ta da burushi ba, ribar ta tafi.

Uwargida, Jos: Mu nan a Disamba ai waje ma firij ne. Ruwan sha nake cikawa a robobi ya kwana a baranda, da asuba in zuba su ciki sun riga sun yi sanyi. Miya kam na daina, kyanwar maƙwabta ta koya min hankali.

Ɗalibi a Kanada: Hajiya, a nan garin neman sauƙi na yi asara. Na kai firij gareji, sanyi ya sauka kusa da sifili, na wayi gari naman firiza ya narke. Ashe ma'aunin sanyin firij ɗin guda ne, yana ɓangaren kayan miya. Da ya ji sanyi sai ya ƙi tayar da kwamfuresa. Ku duba takardar da ke manne a jikinsa: mai alamar SN yana aiki in zafin wurin na tsakanin digiri 10 zuwa 32 a ma'aunin Celsius, mai alamar T daga 16 zuwa 43.

Baba daga Dutse: 'Ya'yana, ni tumatur da alayyafo ba sa ganin firij a hunturu. Randa cikin randa, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa ta a Jigawa har aka ba shi kyautar Rolex a 2000. Busasshiyar iska take so.

Mai sola, Zariya: Na gode ƙwarai. To in na huda bayansa na sa bututu iskar waje ta shiga fa?

Mai gyaran firij, Kano: Kul, Malam! Bututun gas na cikin jikin. Na karɓi biyu a shago da aka yi musu haka, ɗaya ma ya koma kantar ajiye kwanuka.