Sayar da gida ƙasa da bashi da sayar da hannun jari na aro: abu ɗaya ne?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum. Ina ganin Turawa suna kiran abu biyu da suna ɗaya, "shot sel": ɗaya kan gidan da aka jinginar wa banki, ɗaya kan hannun jari. Mene ne bambancinsu, kuma ana yinsu nan Damagaram?

Alhaji na Zango:
Wa alaikumus salam. Suna ne kawai ya haɗa su. Na gida shi ne: banki na bin mutum miliyan 12 na sefa, gida na jingina, mai saye ya taya miliyan 9. Sai a nemi banki ya yarda a sayar a haka, ya cire jinginarsa, kafin a kai ga gwanjo a kotu. A Amurka abin ya yawaita bayan rikicin 2008.

Nan dokar OHADA ce ke aiki, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, har da Nijar. In wisiye, mai zartar da hukuncin kotu, ya kawo takardar umarnin biya, kwana 20 ne kacal ake ba mutum ya biya. Kar a bari ta iso. A samu mai saye na gaske, a kai wa banki tayinsa a rubuce, ciniki ya bi ta hannun noter, kuɗi su shiga banki kai tsaye. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne ragowar miliyan 3 ɗin nan. Cire jingina daban, yafe bashi daban. In takarda ba ta ce an yafe ba, gida ya tafi, bashi na nan a wuya.

Malama ta Garin Malam:
Na hannun jari kuwa, ɗauki misalin gero, ɗan'uwa. Ka ari buhu da damina lokacin tsada, ka sayar a kasuwar Dole, kana jiran kaka ka sayo da araha ka mayar. In damina ta yi gardama fa?

Haka yake. Ka ari hannun jari 100 wajen dillali, ka sayar kowane a jaka 5, ka riƙe jaka 500. Farashi ya sauka zuwa jaka 3 da rabi, ka sayo a jaka 350, riba jaka 150, a cire ladar aro. In ya hau jaka 12, sai ka nemo jaka 1,200. Wanda ya saya, iyakar asararsa abin da ya zuba. Wanda ya sayar da aro, tasa ba ta da iyaka. Dillali zai ce ka ƙara kuɗin ajiya na garanti, in ka kasa, ya sayo da kuɗinka a farashin ranar. Haka ya faru da GameStop, wani kamfanin sayar da wasannin bidiyo na Amurka, a Janairun 2021: farashin hannun jarinsa ya tashi daga ƙasa da dala 20 ta Amurka har 483.

Alhaji na Zango:
Gaskiya ne, Malama. Amma a BRVM, kasuwar hannun jari ta yankinmu da ke Abijan, inda hannun jarin bankin BOA Nijar yake, kamfanin dillanci zai duba asusunka, abin da ka mallaka shi za ka sayar. Farashi ma ba ya motsawa fiye da kashi 7.5 cikin ɗari a yini. Masu tallata wannan harka a waya, manhajojin ƙetare ne, a yi hattara da su. Sannan akwai hadisin da ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa. A tambayi malamai tukuna.

Ɗan Birni:
Na gode. Alhaji, takardar yafewar nan, kafin a sa hannu a wajen noter ake karɓarta ko bayan?

Alhaji na Zango:
Kafin. Da sa hannun banki da hatiminsa.