Volta a waƙar soyayya: ni dai na tsaya a kan "juya-akala"

1/ Malaman adabi, ga wata magana da nake so mu kashe. Duk wanda ya koyar da sonet, waƙar nan ta Turawa mai ɗango 14, ya san akwai gaɓar da mawaƙi ke karya zancensa ya fuskanci wani gefe. Italiyawa suna kiranta volta. Muna da amsa-amo, muna da kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da kambamar zulaƙe, amma wannan gaɓa har yau da sunan aro muke kiranta a aji, kuma ɗalibai haddace shi kawai suke yi.

2/ A Sisili aka fara sonet, a ƙarni na 13, a fadar Sarki Frederick na Biyu. Petrarch, mawaƙin Italiya wanda ya rasu a 1374, shi ya ɗaukaka ta da begen Laura, matar da yake so: cikin waƙoƙi 366 na diwaninsa, 317 sonet ne. A tsarinsa ɗango takwas na farko su ke ɗauke da kukan masoyi, shida na ƙarshe su amsa. Volta tana faɗowa a ɗango na 9, kuma amsa-amon ma a nan yake canzawa, don haka kunne kan ji ta tun kafin hankali ya kama.

3/ Shakespeare, mai sonet 154 da aka buga a 1609, ya bi zubin Ingila: baiti uku 'yan ƙwar huɗu, sai 'yar ƙwar biyu ta rufe. Ku duba ta 130. Ɗango 12 cur yana cewa idon masoyiyarsa bai kai rana ba, murjani ya fi leɓenta ja, kiɗa ya fi muryarta daɗi, tafiyarta ma a ƙasa take takawa kamar kowa. Ɗalibai mata sukan ɓata rai a nan, su ce wannan ai cin fuska ne. Sai a ɗango na 13 ya rantse cewa duk da haka babu wata da aka zuga da yabon ƙarya da ta fi ta. Nan take ma'anar 12 ɗin baya ta sauya: ashe mawaƙa masu kambamawa yake yi wa shaguɓe. Abin da ke da wannan ƙarfi ya cancanci suna a bakinmu.

4/ "Juyi" shi ne fassarar kai tsaye, sai dai ya yi faɗi, komai ma juyi ne. "Waiwaye" yana da daɗi, amma mun riga mun ba shi aikin komawa baya a labari. "Kwana" kuwa a rubuce ba ka sanin ta hanya ce ko ta barci.

5/ Wadda ta fi ba ni tunani ita ce ta malaman Larabci, tahallusi. A tsohuwar ƙasida mawaƙi kan buɗe da begen masoyiya da kukan kufai, sannan ya zame cikin dabara zuwa yabon sarki. Kusa ne, amma shi mai tahallusi barin soyayyar yake yi ya shiga wani jigo. Mai volta yana nan a kan masoyiyarsa, mahangarsa ce ta canza.

6/ Shi ya sa na zaɓi juya-akala. Bahaushe ya daɗe yana cewa wane ya juya akalar zance. Wanda ya ja akala bai sauka daga raƙuminsa ba, kayansa na nan, hanya kawai ya sake. Ƙirar kalmar ma irin ta amsa-amo ce, aikatau da suna, don haka za ta zauna cikin 'yan'uwanta ba baƙunta. Kuma tana ba malami tambayar da yaro zai gane nan take: a ina mawaƙin ya juya akala?

7/ Ga wani ɗan gwaji da na tsara don allo:

Na daina bi ta ƙofar gidanku,
Na daina gaisawa da ƙannenku,
Na goge lambarki, na bar ku,
Amma in an kira sunanki a kasuwa
Ni ke riga ki waiwayawa.

Ba wanda ke kasa gane cewa a ɗango na huɗu aka juya akala. Daga nan sai in sa su farauto kalmomin da ke riƙe akalar a Hausa: amma, sai dai, duk da haka, da kuma ashe, wadda ta fi su duka kaifi domin ita tana nuna mawaƙin kansa ya sha mamaki.

8/ Sunan sonet kuwa a bar shi a haka. "'Yar ƙwar goma sha huɗu" ba za ta yi ba, tunda ƙwar ɗangon baiti take ƙirgawa, ita kuwa sonet waƙa ce sukutum.

9/ Abin da ya rage mini shi ne jam'i. Wasu sonet ɗin sau biyu suke juyawa, a ɗango na 9 da na 13. "Juye-juyen akala" za mu ce, ko "juya-akala biyu"? Na fi karkata ga ta biyun, amma ina jiran ta bakin masu nahawu.